Hudar Diddigen Mai Fitila

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya marasa lafiyarku? Mu nan lafiya lau. Mama na gaishe ki, ta ce ki daina wanka da ruwan sanyi. Baba ma lafiya, sai dai gwiwar nan tasa. Yanzu in zai zauna sai ya dafa bango, in aka yi masa sannu kuma sai ya ce bangon yake dubawa.

Direban motar maganinku ya ce jibi zai taso, shi ya sa nake sauri. Ko da akwai sabis a ƙauyen da asibitinku yake, ba zan iya faɗin wannan a waya ba, don kin san wayar Baba ce, kuma in ya miƙo ta ba ya matsawa.

Yaya, kuɗin gyaran lambu ya fito. Maganar nan da ake yi tun kina gida ta tabbata. Hukumar birni ta kafa allo a bakin ƙofa, an rubuta cewa da kuɗin jama'a za a gyara mutum-mutumi goma sha ɗaya, kuma duk abin da aka gani sai an karanta shi a gaban kwamiti. An ja igiya an kewaye zakuna biyu, da Barewa, da Mai Tulu, da Mai Fitila. Gidanmu kaɗai aka bari a kusurwarsa, har Mama ta ce saura kaɗan mu ma a kewaye mu a wanke.

Wata mata aka kawo, Injiniya kowa yake ce mata. Ni na zaci zan ga doguwa mai takalmi mai tsini irin na cikin littattafaina, sai ga 'yar gajeruwa da hular kwano da ta fi kanta girma, riƙe da 'yar guduma kamar ta wasan yara. Ba ta da yawan magana. Sai ta ƙwanƙwasa jikin mutum-mutumi ta kara kunne, kamar mai sayen kankana.

Ranar Talata na dawo daga makaranta ina zaune a bencina, wanda yake bayan Mai Fitila, ina karatu, ta iso wurinsa. Ta bugi ƙirjinsa, ya yi ƙara irin ta tulun da ba kowa a ciki. Ta bugi cikinsa, haka. Da ta bugi cinyarsa sai ƙarar ta mutu, kamar an bugi randa cike. Ta sake bugawa har sau uku, sannan ta sa aka kira Baba, tunda shi ne mai kula da lambun.

Ta ce, "Malam, wannan ruwa ne a cikinsa har ƙugu."

Ta nuna masa wata tsaga a kafaɗar hannun da yake ɗaga fitilar, ta ce yatsanta ya shige, kuma kada kowa ya ƙara tsayawa a ƙarƙashinsa. Kafin yamma sun tokare hannun da ƙarfe biyu. An ɗauke bencina. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, kin san abin da hakan yake nufi.

Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na fara rubuta shi sau huɗu ina yagewa. Tun bayan tafiyarki nake rubuta wa wani wasiƙu. Sun haura sittin. A cikin lambun nan nake kai masa, in na ga ba kowa. Bai taɓa yi mini dariya ba, bai taɓa ce mini in ɗaga murya ba a ji. Yanzu da wannan gyaran za a gano komai, kuma in aka gano, Baba ne zai shiga uku saboda ni. Ba na iya cin abinci. In na ji ƙarar gudumar matar nan sai in ji kamar ƙirjina take bugawa.

Ki yi haƙuri da rubutun. Mama na kira na in kwashe shanya. Don Allah kada ki gaya wa kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai aiki da ya yi yawa, mu biyu ne kawai a ɗakin haihuwa wannan watan. Ki gaishe da Mama, ki ce mata ruwan ɗumi ba ya dafa kansa. Na saka wa Baba man shafawa a ledar da direba zai kawo, safe da yamma, ba sai ya ga dama ba.

Yanzu ki zauna mu yi magana. A tsaye na karanta wasiƙarki, sai da na nemi kujera. Wane ne shi? Ɗaya daga cikin leburorin gyaran ne, ko mai sayar da tikitin ƙofa? Ke da ko mai shago ba kya iya ce wa bai cika miki canji ba, ke ce har da wasiƙa sittin? Na sha gaya wa Mama littattafan nan da kike sakawa a cikin littafin lissafi kina karantawa za su kai ki wani wuri, ta ce ai gara karatu da yawo.

Shekararki sha shida, Auta. Wanda yake karɓar wasiƙar yarinya a ɓoye a bayan itatuwa har shekara biyu bai taɓa sallama a ƙofar gidansu ba, ba mutumin kirki ba ne, ko da kuwa muryarsa ta fi zuma. Don bai yi miki dariya a gabanki ba, ba ki san abin da yake yi da takardunki in ya koma cikin abokansa ba. Me kika rubuta masa? Kin sa sunanki? Ya taɓa ce miki ku haɗu a wani wuri da ba lambu ba? Ki gaya mini gaskiya, ba zan yi miki faɗa fiye da wanda nake yi yanzu ba.

Kin cika mini shafi biyu da labarin guduma da ruwa, sannan kika bar ainihin maganar a layi shida. Mutum-mutumi ba ya gabana, gwamnati ta ji da kayanta. Ke ce a gabana. Ki ba direba amsa kafin ya juyo, da sunan yaron da na ubansa.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, man ma ya iso, Baba ya gode. Kowa lafiya. Na karanta wasiƙarki a banɗaki na yi kuka, daga baya kuma na yi 'yar dariya, sannan na sake kuka. Laifina ne, ban iya faɗin abu kai tsaye ba.

Babu yaro, Yaya. Wallahi babu. Mai Fitila ne.

Kin tuna yadda yake tsaye, ya ɗaga fitila yana kallon ƙofar lambu, kamar wanda aka ce masa jira ni ina zuwa? Ranar da kika tafi na dawo daga tasha na rasa inda zan sa kaina. Ɗakinmu ya yi mini girma. Na zauna a bayansa na rubuta duk abin da da ke zan gaya wa in an kashe wuta, amma sai na fara da "Masoyina", don haka ake farawa a littattafai. Na rubuta masa ranar da malamar tarihi ta sa na karanta a gaban aji muryata ta maƙale. Na rubuta masa irin gidan da nake so, mai taga babba. Wasu abubuwan ko ke ba zan so ki gani ba.

Ga inda masifar take. Kowane mutum-mutumi yana da 'yar huda a ƙasa, ta Mai Fitila a diddigensa na hagu take, yatsa uku za su shiga. A cikin aikin Baba akwai bin hudojin nan farkon kowane wata da wayar ƙarfe, a tabbatar a buɗe suke, sannan ya sa hannu a littafin duba. Tun da gwiwarsa ta hana shi durƙuso, ni nake yi masa. Ya ce mini in riƙa zura wayar saboda zanzaro yana yin gida a ciki. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa na ɗauka zanzaron ne matsalar, ba a son ƙazanta a jikin kayan tarihi.

Sai na ga ai na samu akwatin da ba wanda yake buɗewa sai ni. Nakan naɗe takardar siririya, in ɗaura ta a leda, in tura ciki da wayar Baba. Don kada zanzaro ya shiga ya ɓata su, sai na narka kyandir na toshe bakin, na shafa ƙasa a kai. In zan saka sabuwa in ɓamɓare, in sake liƙewa. Da ledojin suka cika wurin, ko na ɓamɓare ba abin da yake fitowa sai ɗan danshi, na ce raɓa ce. Duk wata Baba yakan tsaya a kaina da littafi ya ce, "Auta, a buɗe?" in ce a buɗe, ya ari birona mai tawada shunayya ya sa hannu. Wata ashirin da shida.

Jiya Injiniya ta yi wa ma'aikata bayani ina laɓe a bayan Mai Tulu. Ta ce cikinsu ba komai, siminti ne aka shafa a kan rodi tun shekara tamanin. Ruwan sama yana shiga ta ƙananan tsagu a kai da kafaɗa, hudar nan ita ce hanyar fitarsa. In ta toshe, ruwan ya kwanta, danshi ya hau rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa simintin daga ciki. Ta ce da an ƙara damina ɗaya, hannun nan da fitilarsa, nauyin buhun siminti biyu, da ya faɗo a kan wanda yake zaune a ƙasa. Yaran makaranta a nan suke cin abinci, Yaya. Baba a nan yake tsayawa ya sha iska.

Ita ta zaci zanzaro ne ya toshe, don daga nesa ta leƙa ta ga ƙasa. Ta hana a taɓa. Ta ce tunda kuɗin jama'a ne kuma ɓarnar ta ƙara yawan aikin, a gaban kwamiti za a buɗe, ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Sun karɓi littafin duba. Wani ma'aikaci ya gaya wa Mama cewa in ya tabbata sakaci ne, sallamar Baba za a yi, kuma gidan na mai kula da lambu ne, ba namu ba. Shekara ashirin da biyu. A ɗakin nan aka haife ni.

Ki duba yadda abin ya ɗaure. In na yi shiru, za a ce Baba bai duba ba ya sa hannu. In na yi magana, za a san ba shi yake dubawa ba, yarinya yake sakawa, ya ɓoye ciwon gwiwa. Ko ta ina shi ne a ƙasa. Ga kuma takardun, da za a buɗe a gaban maza goma.

Abin da ya fi ci mini rai, bai tambaye ni ba. Ya san ni nake zura wayar, amma ko sau ɗaya bai ce Auta ya aka yi ba. Kwanan nan ma wani irin kallo yake mini, in na fita ya tambayi ina za ni, in na dawo ya dubi hannuna.

Ki gaya mini abin da zan yi. Duk abin da kika ce shi zan yi.

Auta

*

Yaya,

Sallama. Muna lafiya. An ce ruwa ya cinye gadar hanyarku, motar magani ba ta zo ba wannan makon. Ban san ranar da wannan za ta same ki ba, ina dai rubutawa don in ban rubuta ba zan fashe. Saura kwana uku.

Na yi ƙoƙarin gaya wa Baba sau biyu. Na farko na kai masa shayi na tsaya, ya ɗago ya ce mene ne, na ce sukari ya ji? Na biyu yana shafa man da kika aiko, na ce Baba, ya ce na'am, sai na ga yadda gwiwar ta kumbura kamar an hura ta, na ce ko in taya shi. Ya ce in bari. A littattafai in yarinya za ta faɗi gaskiya, sai hadari ya taso, ta faɗa da hawaye, a rungume ta. Ni harshena ne yake mannewa a sama.

Jiya da rana, lokacin da ma'aikata suka tafi cin abinci, na ɗauki wayar ƙarfen nan ta Baba na tsallaka igiya. Na ce in zaro su in ƙone, kowa ya huta. Na durƙusa a diddigen, na ɗaga kai, sai na ga fitilar daidai saman kaina, ƙarafan tokarar nan biyu sirara kamar ƙafar zalɓe. Wani ɗan gutsuren siminti ya faɗo mini a wuya. Ban san lokacin da na tashi ba. Sai da na kai bayan Barewa na tuna, ko na zaro, ruwan zai malale a ƙasa kowa ya gani, a ce Baba ne ya zo ɓoye laifi.

Ina juyowa na ga Injiniya zaune a inuwa da kwanon abincinta, tana kallona. Ta ce wurin nan ba wurin wasa ba ne. Ta ce ta lura kullum ina kewaya wannan, ko shi na fi so? Na ɗaga kai kawai. Ta ce ita ma, wanda ya yi shi ya san yadda jira yake gajiyar da kafaɗa. Saura ƙiris in gaya mata, Yaya, bakina har ya buɗe, sai wani ya kira ta.

Mama ta fara tara kwalaye a bayan ƙofa. Ta ce na ajiye tsofaffin kaya ne. Ba wanda ya tambaye ta.

Auta

*

Autata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Wasiƙarki ta iso, amma gada ta karye a bayanta, kwana tara ke nan ina riƙe da amsa babu mai kaiwa. Yau aka ce babur zai iya haurawa. Ina tsoron ranar ta riga ta wuce.

Ki yafe mini. Na karanta tsoronki na ga abin da ni nake tsoro. Kuma akwai abin da ya fi haka. A ledar man shafawar nan na saka wa Baba 'yar takarda. Na ce masa akwai yaron da kike rubuta wa wasiƙu a lambu, ya sa ido amma kada ya tsorata ki. Kin ce kada in gaya wa kowa, na gaya. Kallon da yake miki ke nan. Na ƙara masa kaya a kan wanda yake ɗauke da shi.

In wannan ta same ki kafin Alhamis, ki je wurinsa ki miƙa masa wasiƙarki ta baya da na mayar miki a nan, ba sai kin buɗe baki ba. Shi ya kamata ya fara ji, ba kwamiti ba. Shirun da ya yi bai tambaye ki ba, na san Baba, ya riga ya yanke cewa sunanki ba zai fito daga bakinsa ba. Kada ki bar shi ya ɗauka shi kaɗai. In gidan ya tafi, ya tafi, ina aiki, za mu kama haya.

Wasiƙa sittin, Auta, ni kuwa a shekara biyu guda bakwai na samu, duk gaisuwa. Ban ce laifinki ba ne. Ni ma ban tambaya ba.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Mama ta ce ki ci abinci. Wasiƙarki ta zo ranar Asabar, kwana biyu bayan komai. Na haɗo miki da wadda na rubuta ban samu mai kaiwa ba, ki fara karanta ta.

Ranar Alhamis da hantsi suka zo, mutum tara da mai ɗaukar hoto. Shugaban kwamitin wani mai ƙiba ne da yake ta goge wuya da hankici. An jera musu kujeru nesa da hannun. Baba ya sa rigarsa ta aiki wadda Mama ta goge, ya tsaya a gefe. Ni ina bayan igiya tare da masu kallo.

Injiniya ta sa an ƙara tokara, ta durƙusa da kanta. Ta kankare ƙasar da wuƙa, sai ta tsaya. Ta ɗago wani farin abu ta ce wannan ba aikin zanzaro ba ne, kyandir ne. Ta zura ƙugiya ta jawo leda ta farko, ta biyu, ta uku, sai ruwan ya ɓalle. Ja ne wur saboda tsatsa, yana wari, ya yi ta zuba har ya kai ƙafar kujeru suka ɗaga takalma. Ledojin suna ta fitowa a ciki kamar matattun kifi. Yawancinsu ruwa ya shige su, takardun sun zama dame-dame, shunayya.

Littafin duba yana buɗe a kan cinyar shugaban. Na ga Injiniya ta dubi abin da yake hannunta, ta dubi sa hannun Baba a shafin, launi ɗaya. Shugaban ma ya gani. Ya tambayi Baba wa ya yi wannan.

Baba ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Wani a cikinsu ya kwance wata leda da ba ta jiƙe ba, ya warware takardar, ya karanta da ƙarfi: "Masoyina, yau ma ba wanda ya lura na canza ɗaurin ɗankwali." Wurin ya ɗauki dariya. Shugaban ya ce ashe dattijo har da ɗankwali. Wani ya ce a duba ko Mai Tulu ma ta samu tata. Leburorin da suke gaishe da Baba da rusunawa suna rufe baki. Shi kuwa yana tsaye riƙe da hula, yana kallon gabansa, ya sake cewa shi ne, a rubuta.

Ban yanke shawarar komai ba, Yaya. Na dai ga kaina a cikin igiya, ruwan nan ya jiƙa mini takalmi. Na ce ni ce. Ba wanda ya ji. Kin san muryata. Mai hoto ya ce yarinya ki matsa. Sai na faɗa da wata murya da ban san ina da ita ba, har tantabarun kan zakuna suka tashi.

"Ni ce na toshe. Rubutuna ne. Babana bai sani ba."

Daga nan na faɗi sauran, ina kallon diddigen don ba zan iya kallon kowa ba. Na faɗi gwiwar, da wayar, da zanzaro, da cewa ban san hanyar ruwa ba ce. Da na zo kan gwiwar na ji Baba ya ja numfashi, na san na tona abin da ya shekara biyu yana rufewa. Injiniya ta miƙa hannu ta karɓe takardar daga wurin mai karantawa, ta ce wannan shaida ce, ba abin nishaɗi ba, ta haɗa da sauran a bokiti ta rufe.

Sun shiga ofis sun fi awa biyu. Daga baya muka ji ta gaya musu tsatsar kafaɗar ta girmi toshewar da shekaru, ruwan gaggauta ta ya yi, kuma sauran hudoji goma ba ta taɓa ganin masu tsabta kamarsu a wani lambu ba. Amma ta ce sa hannu a kan abin da ba ka gani da idonka ba laifi ne, ba za ta ce ba laifi ba ne.

Ba a sallame shi ba. Gidan yana nan, Mama ta mayar da kwalayen wurin mai shago. Amma an ba shi takardar gargaɗi, an karɓe littafin da makullan, an mayar da shi wurin renon itatuwa a bayan katanga, inda zai yi aiki a zaune. Mutum-mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana wanke wa kashin tsuntsu yanzu na wani ne. Za a karanta rahoton a bainar jama'a, an rubuta "wata yarinya", amma duk unguwa ta san yarinyar. A makaranta har an fara tambayata ya ɗankwali. Hannun Mai Fitila kuma sai da aka yanke shi daga kafaɗa, za a zuba sabo.

Da yamma ranar Baba ya kira ni ƙofar ɗaki. Na zo ina jiran faɗa, na ma fi son faɗan. Ya daɗe yana murza gwiwa, sannan ya ciro wata 'yar takarda daga aljihu, duk ta yi laushi saboda ninkewa. Yanzu na san taki ce. Ya ce shi bai iya irin wannan maganar ba, amma yaron nan da nake ajiye wa wasiƙu a diddige yana zuwa yana ɗauka, ɗan gidan wa ne? In mai hankali ne, ya zo ya gaishe shi in na gama makaranta.

Kin gane, Yaya? Lokacin da ya tsaya ana yi masa dariya, ya ɗauka da gaske akwai yaro. Abin da yake rufewa ke nan.

Na ce babu mai ɗauka. Na nuna masa can tsakiyar lambu. Ya dubi inda na nuna, ya dube ni, ya sake duba. Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, har ya riƙe ƙofa.

Ya ce, "To ai surukin nawa ba shi da laifi, ba ya yawo. Sai dai ya kusa fasa mini kai."

Da dariyar ta lafa ya ce shi ya kamata ya gaya mini amfanin hudar. Ya ce ubangidansa na farko bai taɓa gaya masa dalilin komai ba, sai dai yi kaza, shi ma ya tashi a haka. Na ce ya yafe mini. Ya ce in je in taya Mama. Bai ƙara tayar da maganar ba, amma yanzu in zai tafi wurin renon, ta bayan katanga yake zagayawa don kada ya bi ta gaban Mai Fitila, duk da ta fi nisa, ga gwiwa. Wannan ya fi mini faɗan ciwo.

Injiniya ta ba ni guda goma sha ɗaya da suka tsira, bayan an ƙirga su an rubuta. Ta ce ba ta karanta ba, na kuma yarda da ita. Na saka miki uku a nan. Inda kika ga "Masoyina" ki tsallake, sauran naki ne tun asali.

An yi ruwa jiya. Yau da safe zan tafi makaranta na ga Baba bai zagaya ba, yana tsaye a bayan igiya wurin Mai Fitila, wanda aka naɗe masa kafaɗa da leda. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya gwada sunkuyawa, gwiwar ta ƙi. Da ya ji tafiyata bai juyo ba, ya ce, "Auta, a buɗe?"

Na ajiye jaka na durƙusa daga bayan igiyar, na leƙa sosai. Na jira har na ga ɗigo ya taru a bakin hudar ya faɗo, wani ya biyo shi, sannan na amsa masa.

Ƙanwarki,
Auta